Wai Don Williams ne Shatan Amurka?

Baban Hanifa: Jama'a, raina a ɓace yake. Na dawo daga masallaci na tarar yara sun yi shara, sun ba 'yan gwangwan kwalin kaset ɗina, har da na Don Williams guda tara da na saya tun ina jan mota tsakanin Kano da Jos. Ɗaya ma da biro nake naɗe zarensa in ya tsinke. Da na yi faɗa sai babbansu ya ce wai waƙar tsofaffi ce. Mutumin da waƙoƙinsa 17 suka hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri! Yaran yanzu ba su san darajar abu ba. Wallahi shi ne Shatan Amurka.

Ɗan Funtua: Allah ya huci zuciyarka Alhaji, amma janye kalmar nan. Shata fa ka ce? Shata a tsaye yake ƙirƙirar waƙa, kalangu na tashi baiti na zuwa. Naka kuwa yawancin manyan waƙoƙinsa rubuta masa aka yi. Bob McDill ya rubuta masa da dama, Tulsa Time ta 1978 kuma ta Danny Flowers ce.

Maman Sadik: Haba Malam, ai da rubutun waƙa ya shiga Nashville, cibiyar waƙoƙin kantiri a Amurka. A 1971 Jack Clement ya ɗauke shi aikin rubuta waƙa, bayan ƙungiyarsu ta Pozo-Seco ta watse. Kuma ya rera nasa na kansa.

Ɗan Funtua: Hajiya, rubutu a ofis da ƙirƙira a gaban taro ba ɗaya ba ne.

Na Tudun Wada: In kwatance ake so, Ɗanmaraya Jos ya fi dacewa. Mutum ɗaya da kuntiginsa, murya a kwance, ba hayaniya. Haka Don yake zama kan kujera da jitarsa da hular nan tasa. Har shekarun rasuwarsu sun yi kusa, 2015 da 2017.

Bakatsine: Ni abin da ya dame ni, Ɗan Funtua na magana kamar Shata nasu ne. A Musawa aka haife shi.

Ɗan Funtua: A ina ya yi gida? A ina ya yi shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukuma?

Ɗan Daurama: Ku yi ta yi, kabarinsa dai yana Daura tun 1999.

Bakatsine: Kai kuma wa ya sako ka?

Baban Hanifa: Ikon Allah! Ni fa maganar kaset ɗina nake. Abin da nake nufi, kowa na sauraronsa kamar yadda kowa ke sauraron Shata. Direba da malamin makaranta da soja, har wanda bai iya Turanci ba. A 1997 ya je Harare ya yi wasa, saboda ya san yana da masoya a Afirka.

Ɗan Funtua: Zimbabwe ya je. Shata kuwa jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Maman Sadik: Shi ma a 2010 an sa shi a zauren karrama gwanayen kantiri. Kuma tun 1960 da ya yi aure, da matar nan ɗaya ya zauna har ya rasu yana da shekara 78.

Na Tudun Wada: To Hajiya, nan kika dosa tun ɗazu!

Maman Sadik: Na dosa ɗin. Laifi ne?

Ɗan Funtua: Tunda ni ne shugaban zauren nan, bari in taƙaita. Kowa ya yarda Don Williams na da murya mai sanyi, ni ma na ji shi a rediyo ina yaro. Amma an tabbatar rubuta masa ake yi, kuma babu wanda ya kawo hujjar da ta kai shi kusa da Dokta. Batun Musawa mun bar shi sai gobe. Alhaji, ka aiko yaro shagona da memori, ina da wasu daga cikin waƙoƙin, zan tura maka.