Ƙanena ya dage sai ya fita zanga-zanga, Hajiya ta ce ni zan hana shi

Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ƙanena yana aji uku a jami'a, tun zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 kansa ya ɗau zafi, kullum zancensa kenan wai mai mulkin danniya a titi kawai yake jin magana, ya ce duk ranar da aka sake kira shi ne a sahun gaba. Hajiya ko abinci ba ta iya ci in ya fara, ta ce ni ne babba in san yadda zan yi da shi, ni kuma wlh in ya kawo hujjojinsa bakina mutuwa yake. Wai abin nan yana da amfani kuwa ko asarar rai ce kawai?

Ɗan Damagaram: Yana da amfani mana. Mu nan Nijar ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka fito a Yamai aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu, jinin nan ne ya tada 'yan ƙwadago har shugaban mulkin soja Ali Saibou ya sauko aka yi taron ƙasa a 1991. Amma fa iyayen yaran nan ba a dawo musu da 'ya'yansu ba.

Abu Khartum: Malam ni ina karatu a Sudan lokacin, kan kuɗin burodi aka fara a Atbara a Disambar 2018, zuwa Afrilun 2019 shugaba Bashir mai shekara 30 a kan mulki ya faɗi. Na je zaman dirshan ɗin nan gaban hedkwatar soji, mata na dafa shayi ana rabawa kyauta, likitoci sun kafa tanti, sai ka rantse gari ya waye. Ranar 3 ga Yuni aka zo aka tarwatsa wurin da harsashi, 2021 shugaban soji Janar Burhan ya ƙwace komai, 2023 yaƙi ya ɓarke. Ka tambayi ƙaninka in wancan ya sauka wa suka shirya zai hau.

Maman Ilham: Ɗan uwa kar ka ce hana shi za ka yi da faɗa, ta katanga zai fice. A 2012 fetur ya sauko daga naira 141 zuwa 97 ne saboda ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta tsayar da ƙasa cak kuma buƙata ɗaya ce tak, kowa ya san ta. Ta 2024 kuwa ai mun ga yaran da aka kai kotu Abuja suna zubewa sumammu. Ka zaunar da shi, wa ke jagoranta, me ake nema, akwai lauya in an kama shi? In ba amsa ya zauna gida.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Yau bayan isha'i zan kira shi ɗakina mu yi maganar, sai dai in fara lallashin Hajiya tukunna don ta riga ta ce ɓoye masa takalma za ta yi.