Kotun Laifukan Yaƙi ta Bangladesh: Me Takardun Suka Tabbatar?

Malam Bashir: Assalamu alaikum. Saƙon da aka turo mana jiya yana cewa mujallar The Economist ta tabbatar da cewa shari'o'in kotun laifukan yaƙi ta Bangladesh ƙage ne baki ɗaya, kuma addini ne kawai ya sa aka rataye shugabannin jam'iyyar Jama'atul Islami. Ni dai na gamsu, domin kotun da alƙalinta ya yi murabus cikin abin kunya ba ta cancanci a yarda da hukuncinta ba.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Murabus ɗin gaskiya ne, amma saƙon ya ɗora wa mujallar abin da ba ta faɗa ba. Abin da ta wallafa a Disambar 2012 shi ne bayanin hirarrakin Skype da wasiƙun imel tsakanin shugaban kotun, Mai Shari'a Nizamul Huq, da wani lauya ɗan Bangladesh mazaunin Brussels mai suna Ahmed Ziauddin, waɗanda suka nuna cewa gwamnati na matsa lamba a gaggauta hukunci, kuma wanda ba ya cikin kotun yana sa hannu a aikinta. Wannan babban aibi ne, ba na raina shi. Sai dai babu inda rahoton ya ce ba a kashe mutane a 1971 ba, lokacin yaƙin ɓallewar Bangladesh daga Pakistan, wanda laifukansa ne kotun ke shari'a a kai.

Malam Bashir: To, Hajiya, wa ya shaida kisan in ba gwamnatin firaministar lokacin, Sheikh Hasina, da ta kafa kotun a 2010 ba?

Alhaji Mudi: Shaidun sun girmi gwamnatin da shekaru masu yawa, Malam Bashir. A Afrilun 1971 ma'aikatan ƙaramin ofishin jakadancin Amurka a Dhaka, ƙarƙashin Archer Blood, suka aika wa Washinton saƙon da ya kira abin kisan ƙare dangi, alhali gwamnatinsu tana goyon bayan Pakistan. A Yunin shekarar, Anthony Mascarenhas, ɗan jaridar Pakistan da ya zagaya tare da sojojin ƙasarsa, ya buga abin da ya gani a jaridar Sunday Times. Kusan mutum miliyan 10 suka gudu Indiya, kuma akasarin al'ummar da aka afka wa Musulmi ne, ko da yake an fi tsananta wa mabiya Hindu. Yawan mamatan ne ake jayayya a kai: Bangladesh na cewa miliyan 3, hukumar bincike ta Hamoodur Rahman da Pakistan ta kafa ta ce 26,000, masu bincike da dama kuma sun tsaya a dubban ɗaruruwa.

Hajiya Rabi: A nan ma, Alhaji, kotun ta ɓata rawarta da tsalle, domin a 2014 ta ci tarar ɗan jarida David Bergman bisa raina kotu saboda ya yi tambaya kan adadin miliyan 3. Abin da ya fi damuna shi ne batun Abdul Quader Molla, ɗaya daga cikin shugabannin Jama'atul Islami. Ɗaurin rai da rai aka yanke masa a Fabrairun 2013, aka yi zanga-zangar neman a kashe shi a dandalin Shahbag na Dhaka, majalisa ta gyara doka ta ba gwamnati damar ɗaukaka ƙara bayan an riga an yi hukunci, sannan aka rataye shi a Disamba. Ran mutum ne, kuma ba ya dawowa.

Malam Bashir: Ashe kin dawo kan maganata ke nan.

Hajiya Rabi: Ban dawo ba, Malam. Rashin adalci wajen shari'a yana nufin ba a tabbatar da laifin mutum ta hanyar da ta dace ba, amma bai wanke mayaƙan al-Badr, masu mara wa sojojin Pakistan baya, daga kashe malaman jami'a da likitoci a Disambar 1971 ba. Ka kuma lura cewa kotun nan ce ta yanke wa Hasina kanta hukuncin kisa a bayan idonta a Nuwambar 2025, kuma da yawa daga masu zagin kotun jiya su ne masu yabonta yau. Ina roƙon wanda ya turo saƙon ya kawo mana ranar da mujallar ta buga maganar ƙagen, mu karanta da idonmu kafin wani ya sake tura shi gaba.