Neman kalmar Hausa: me za mu kira "rotor" a tarihin kamfanin Sikorsky?

Mai Shiri: Assalamu alaikum. Ina haɗa shirin rediyo na minti 20 kan tarihin kamfanin Sikorsky, ranar Alhamis da safe za a naɗa. Sunan jirgin ba shi ne matsala ba, kowa ya san jirgi mai saukar ungulu. Kayan jikinsa ne suka tsayar da ni. Ga jimlar farko: ranar 14 ga Satumba 1939 Igor Sikorsky ya ɗaga VS-300 daga ƙasa a Stratford ta jihar Connecticut, jirgin yana ɗaure da igiyoyi, da "main rotor" guda a sama da ƙaramin "tail rotor" a baya. A kan wannan tsari kamfanin ya ginu, don haka kalmar za ta yi ta fitowa. Akwai kuma "swashplate", "collective", "cyclic" da "autorotation". Ina son abin da mai sauraro zai gane da ji ɗaya.

Ɗan Kurmi: Farfela mana. Babbar farfela da ƙaramar farfela.

Bakanike: A'a, Yaya. A gareji idan ka ce farfela, dogon ƙarfen nan ne da ke ɗaukar juyi daga giyabos zuwa ƙafafun baya. Helikwafta kuma tana da irinsa, yana kwance cikin wutsiya, shi ke kai juyi ga ta baya. Duk direba da makanike da ya ji farfelar wutsiya, wannan ƙarfen zai zo masa a rai.

Injiniya: Bakanike ya yi gaskiya, kuma akwai abin da ya fi wannan. Farfelar jirgin sama aikinta ja ko turi kawai, fukafukan da ke manne a jiki su ke ɗaukar nauyi. A helikwafta abin da ke juyawa a sama shi ne fukafukin kansa: shi ke ɗagawa, shi ke turawa gaba, shi ke karkatar da jirgin. Shawarata: "fukafukai masu juyi" ga duka tarin, "fiffike" ga guda ɗaya. VS-300 fiffike uku gare shi da injin Lycoming mai ƙarfin doki 75. Black Hawk, helikwaftar soja ta Sikorsky, huɗu, faɗin da'irarsu ya ɗan haura mita 16.

Mai Shiri: Daidai ne ta fuskar ma'ana, Injiniya, sai dai ya yi wa baki tsawo. "Fukafukai masu juyi na wutsiya sun hana fukafukai masu juyi na sama murɗa jirgin." Mai karantawa zai harɗe.

Ɗan Kurmi: To fanka. Fankar sama, fankar wutsiya.

Malamin Nahawu: Allah ya ba ku haƙuri, duk kun bi hanyar aro. Farfela Turanci ce, fanka ma baƙuwa ce. Muna da kalma tun kafin a ƙera jirgi: mazari. Sanda ce a tsaye mai juyawa a kan tsininta, wadda iyayenmu mata ke kaɗi da ita. Kuma mazari sunan ƙwaron nan ne mai tsayawa cak a iska a bakin rafi. Turawan Ingila da kansu, da kamfanin Westland ya karɓi lasisin ƙera S-51 ta Sikorsky, sunan wannan ƙwaro suka sa mata. Ni ban tsaya a nan ba: jirgin ma a daina jingina shi ga ungulu, tsuntsuwar mushe. A ce jirgin mazari.

Hajiya Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, ba a taɓa sunan jirgin. Gidajen rediyo sun shekara da shekaru suna cewa mai saukar ungulu, jaridu na rubuta helikwafta, yara a Kano na cewa shalkwafta. Ba halin ungulu aka duba ba, yadda take sauka tsaye ba tare da gudu a ƙasa ba aka duba.

Malamin Nahawu: Hajiya, daɗewar kuskure ba ta mai da shi daidai. Rashawa sun ƙirƙiro tasu, vertolyot. Jamusawa sun ƙirƙiro Hubschrauber. Ita kanta helikwafta wani Bafaranshe ne, Ponton d'Amécourt, ya harhaɗa ta daga kalmomin Girkanci biyu wajen 1861, murɗaɗɗen abu da fiffike. Mu kaɗai ne za mu zauna muna jiran ragowar wasu?

Ɗan Damagaram: Tun da an kawo misalin wasu harsuna, Larabawa suna ce wa jirgin marwahiyya, daga kalmarsu ta mafici da fanka. Ba wanda ya ce Larabci ya ƙasƙanta. Abin da ke damuna daban ne: ana yanke kalma a Kano da Kaduna, sai mu a Damagaram da Maraɗi mu ji ta a rediyo ba a tambaye mu ba. Giyabos da Bakanike ya faɗa, namu makanikan da Faransanci suka san shi. Wani ya ce jela, wani ya ce bindi. A zaɓi wadda ta ratsa ko'ina.

Ɗan Kurmi: Hausar Kano ce daidaitacciya, wannan ba sabon zance ba ne.

Ɗan Damagaram: Daidaitacciya a takarda, ranka ya daɗe. Rediyo kunne yake nema.

Hajiya Mai Fassara: Wutsiya ta ratsa ko'ina, a bar jela da bindi. Fanka ma an san ta a ɓangarorin biyu. Mu koma kan aikin mai tambaya.

Injiniya: Zan karɓi fanka bisa sharaɗi ɗaya, kuma sharaɗin shi ne zuciyar labarin Sikorsky. Fankar ɗaki fukafukanta a kafe suke, gudunta ake ƙarawa ko a rage. Helikwafta akasin haka take. Gudun ba ya canzawa, na Black Hawk zagaye 258 ne a minti, ko tana tashi ko tana sauka. Kusurwar da kowane fiffike ke saran iska da ita ake canzawa. Idan shirin bai faɗi wannan ba, mai sauraro zai ɗauka matuƙi wuta yake ƙarawa ya tashi.

Ga yadda abin yake. A ƙarƙashin fukafukan akwai zobba biyu kewaye da sandar da ke juya su, ɗaya kan ɗaya, da boris a tsakani. Na ƙasa ba ya juyawa, sandunan matuƙi ke motsa shi. Na sama yana juyawa tare da fukafukan, kuma daga jikinsa ƙaramin ƙarfe ya tafi ga kowane fiffike. Wannan shi ne "swashplate". Matuƙi ya ja sandar hagu sama, zobban su hau gaba ɗaya, duk fukafukan su ƙara kusurwa lokaci guda, jirgi ya tashi: "collective" ke nan. Ya tura sandar da ke tsakanin gwiwoyinsa gaba, zobban su karkata, kowane fiffike ya riƙa ƙara kusurwa a wani ɓangaren zagayen yana ragewa a wani, da'irar ta sunkuya gaba, jirgi ya bi: "cyclic" ke nan.

Wannan na biyun ne ya wahalar da Sikorsky. Fiffike ba ya amsa umarni a daidai inda aka ba shi, sai ya ƙara kusan rubu'in zagaye. A farko ba su gane lissafin ba, ana tura jirgin gaba yana zamewa gefe. A 1940 suka cire tsarin, suka kafa ƙananan fankoki biyu a kwance a kan sanduna a gefen wutsiya don su yi aikin karkatarwa. Da wannan siffa ya yi tashin farko ba igiya ranar 13 ga Mayu 1940, kuma ranar 6 ga Mayu 1941 ya yi awa ɗaya da minti 32 a sama, ya karya tarihin daɗewa a sama na helikwaftar Fw 61 ta Jamus. Sai a ƙarshen 1941 suka dawo da cikakken tsarin zobban, aka koma babba ɗaya a sama, ƙarama ɗaya a baya.

Hajiya Mai Fassara: Da wannan bayani kalmomin sun fito da kansu. Zobban: faifai, ko faifan karkata. Sandar hagu: sandar ɗagawa. Ta tsakiya: linzami.

Bakanike: Me zai hana sitiyari?

Injiniya: Sitiyari dama da hagu kawai ya sani. Wannan tana zuwa gaba, baya da kowane gefe. Juya hancin jirgi ma ba aikinta ba ne, aikin feda biyu ne na ƙafa, masu canza kusurwar fankar wutsiya. Inji yana murɗa fukafukai ta wata fuska, gangar jirgin na son juyawa ta ɗaya fuskar, fankar wutsiya ke riƙe ta. Jiragen Sikorsky, in ka duba daga sama, fukafukansu kishiyar hannun agogo suke bi, don haka in an ƙara ƙarfi ƙafar hagu ake takawa. Na kamfanin Mil, irin Mi-35 da Mi-17 da sojojin saman Najeriya da Nijar ke da su, hannun agogo suke bi, ƙafar dama ake takawa. Linzami ya fi kusa.

Malamin Nahawu: Kun karɓi faifai, kun karɓi linzami, duk Hausar gida. Me mazari ya yi muku? Ko don ba daga bakin injiniya ya fito ba?

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, ba zancen baki ba ne. Mazari sanda ce, ba ta da fiffike. Amma akwai abin da ta dace da shi sarai: sandar ƙarfen da ke fitowa tsaye daga giyabos ta ɗauki fukafukan, "mast". Ba mu da suna gare ta, kuma mai shiri zai buƙace ta idan ya iso S-55 ta 1949. Jiragen da suka gabace ta, injin yana ƙarƙashin wannan sanda, fasinja na gaba, saboda haka kowane mutum da aka ƙara sai ya ɓata daidaiton nauyi. A S-55 aka mai da injin Pratt & Whitney mai ƙarfin doki 600 cikin hanci, aka ja ƙarfen juyi a karkace ya hau zuwa giyabos, ɗakin mutum goma ya zauna daidai ƙarƙashin sandar. A ɗora kaya ko a sauke, daidaito bai gushe ba. Kuma makanike yana buɗe ƙofofin hanci biyu ya yi aiki yana tsaye a ƙasa.

Malamin Nahawu: Wato an ba mazari ƙaramin muƙami.

Injiniya: Duk nauyin jirgin a jikinta yake rataye, Malam.

Mai Shiri: Saura "autorotation". Da kuma R-4, a wace jimla zan taƙaita ta?

Tsohon Matuƙi: R-4 ta fara tashi a Janairu 1942, kujera biyu, an ƙera 131, ita ce helikwaftar Amurka ta farko da aka yi da yawa a masana'anta. A Afrilu 1944 a Bama, Laftanar Carter Harman ya kwaso mutum huɗu daga bayan layin Japanawa, matuƙi ɗaya da sojojin Ingila uku masu rauni, ɗaya bayan ɗaya, domin zafi da laima sun rage wa injin ƙarfi har ba ya iya ɗaukar fiye da mutum guda. Masu sauraro da yawa kakanninsu sun yi yaƙin Bama, wannan zai shige su. Dalilin kuma har yau yana nan: iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin kamawa, shi ya sa nauyin da jirgi zai ɗauka da asuba ba zai ɗauke shi da azahar a watan Afrilu ba.

Ɗayar kalmar, "autorotation", a kula da ita, kada a ce jirgin "yana juya kansa", za a ɗauka hajijiya yake. Idan inji ya mutu, akwai firiwil tsakaninsa da giyabos, irin na keke, wanda ke sakin fukafukan su ci gaba da juyawa. Matuƙi na da daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ya sauke sandar ɗagawa ƙasa gaba ɗaya. Jirgi na gangarowa, iska na shiga ta ƙasan fukafukan tana juya su. Dab da ƙasa ya ja linzami baya ya rage gudu, ya daidaita jirgin, sannan ya ja sandar ɗagawa ya kashe ragowar juyin wajen tausasa sauka. In ya makara da sauke sandar, gudun fukafukan ya faɗi ƙasa da iyaka, ba ya dawowa. In ya yi gaggawar ja a ƙarshe, juyin ya ƙare yana sama. Ni "juyin iska" zan ce.

Ɗan Kurmi: Juyin iska kamar guguwa ake nufi. "Saukar ba-inji" ta fi fita.

Tsohon Matuƙi: Ana atisayenta da inji a kunne, an dai rage shi. Kuma jirgi mai fukafukai masu juyi da Juan de la Cierva ya ƙera a 1923 a haka yake tafiya koyaushe, ba sauka yake ba.

Hajiya Mai Fassara: Wannan ba za ta warware kafin Alhamis ba. A faɗe ta da jimla: iska ce ke juya fukafukan, ba inji ba.

Mai Shiri: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan shiga da shi: karon farko "fukafukai masu juyi, wato fankar sama", daga nan fankar sama da fankar wutsiya, tare da jimlar Injiniya cewa kusurwa ake canzawa, ba gudu ba. Faifan karkata, sandar ɗagawa, linzami, feda. Mazari ga sandar tsakiya. Ta ƙarshen zan bi shawarar Hajiya. Sauran tarihin, S-61 mai injin tabain biyu a 1959, Black Hawk da ta fara tashi a 1974, da sayen kamfanin da Lockheed Martin ya yi a 2015, ba su da kalma mai wuya.

Ɗan Damagaram: Idan ka zo giyabos ka ce akwatin giya, don namu su bi ka.

Malamin Nahawu: Ban yarda da fanka ba, kuma a aji mazari zan ci gaba da koyarwa ga duka abin. Tun da dai za ka sa ta a shirin, ka ja wasalin ƙarshe yadda ya kamata, kuma jam'inta mazarai ne.