Ƙwallon Amurka: a daina taron ƙus-ƙus kafin hari, ko a bar shi yadda yake?

Mataimakin koci, Ohayo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina taimaka wa kocin wata makarantar sakandare kusa da Kolumbos. Bana yana so yara su daina taruwa su haɗa kai kafin kowane hari. Kwatabak, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari, zai karɓi alama daga gefen fili, a jeru kawai a saki ƙwallo. Yaranmu ba su da girman jiki amma akwai gudu. Duk wanda ya taɓa ganin wannan salo a aikace, don Allah ya ba mu labari.

Dattijo direba, Bafalo:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni na zo garin nan kwatabak Jim Kelly yana tashe, kuma da wannan salon Bills, ƙungiyar garin nan, suka je wasan ƙarshe na Super Bowl sau huɗu a jere. Na shiga filin a lokacin sanyi. Za ka ga ƙartin da ke tsaron ɗaya ɓangaren sun dafe gwiwa, tururi na fita daga kwalkwalinsu, suna waigen benci a canza su, babu hali. Daɗi kam akwai. Amma ka tambayi duk ɗan garin nan labarin Super Bowl na Janairun 1991. Abokan hamayyarmu Giants suka riƙe ƙwallo sama da minti 40 cikin 60, Kelly yana tsaye a gefe yana kallo, aka ci mu 20 da 19. Mai sauri sai an ba shi ƙwallo yake sauri.

Ma'aikaciyar jinya, Hustan:
Baba ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ɗana yana layin gaba na 'yan tsaro, kuma makarantarsu ta koma wannan salon bara. Kowa yana tafi idan 'yan hari suka ci yadi goma, goma, goma. Ranar da abin ya ƙi fa? Yunƙuri uku a banza ba a ci yadi goman da ake buƙata ba, minti ɗaya bai cika ba an buga wa abokan hamayya ƙwallo, yarona ko gorar ruwa bai sauke daga baki ba an ce ya koma. A zafin Teksas na watan Satumba! Na ga jijiyar ƙafarsa ta ɗaure a kashi na huɗu, wato na ƙarshen wasa, yana birgima a ciyawa, 'yan kallon can ɓangaren suna ihu wai ƙarya yake don ya ɓata lokaci. Wallahi ban san sadda na miƙe tsaye ba. Duk kocin da zai yanke wannan shawara, ya fara zama da mai horar da 'yan tsaronsa.

Tsohon ɗalibi, Oregon:
Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Ina jami'a a garin Yujin zamanin da Chip Kelly yake kocin ƙungiyarmu. Alluna ake ɗagawa a gefen fili ɗauke da hotuna, 'yan wasa su kalla su gane harin da za a kai. Abin da mutane ba sa gani shi ne atisaye ma da wannan gudun ake yinsa. Sannan akwai doka a wasan jami'a: idan ka canza ɗan wasa, alƙali zai tsaya kan ƙwallo sai ɗaya ɓangaren ma sun canza. Ke nan ribar tana wurin barin mutum goma sha ɗayan nan a fili ba canji. A NFL, gasar ƙwararru, kuma Chip Kelly ya ci wasa 10 yana kocin ƙungiyar Eagles a 2013, amma kafin 2015 ta ƙare an sallame shi.

Malamin lissafi, Sinsinati:
Baba, da izininka, Bengals ɗinmu ƙarƙashin koci Sam Wyche sun riga ku fara wannan salon tun 1988. Malam, abu biyu kake haɗawa. Rashin taro daban, gaggawa daban. Na kalli kwatabak Peyton Manning a Indiyanapolis: zai jera mutanensa nan take don kada 'yan tsaro su canza, sannan ya tsaya yana nune-nune yana sauya hari har daƙiƙa 40 ɗin da ake bayarwa kafin a saki ƙwallo ta kusa cika. 'Yan tsaronsa suna hutawa, na abokan hamayya suna tsugune. Sai dai hakan yana buƙatar kwatabak mai karanta fili, kuma ɗan shekara 16 da wuya.

Ma'aikaciyar jinya, Hustan:
Malam, yaranku nawa ne ke buga hari kuma su buga tsaro?

Mataimakin koci, Ohayo:
Kusan rabin waɗanda ke fara wasa, Hajiya. Zan kai wa koci shawarar mu gwada shi a farkon kashi na uku da mintunan ƙarshe kafin hutu tukuna, mu ga numfashin yaran.