Fili 100 da 100 ba ninkin 50 da 50 ba ne? Ku raba ni da dillali

Mai neman fili:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara uku ina zubin adashi don in sayi fuloti a hanyar Gezawa. Jiya dillali ya nuna mini guda biyu, ɗaya ƙafa 50 da 50, ɗaya 100 da 100, ya ce kuɗin babban ya ninka na ƙaramin sau huɗu. Na ce haba Alhaji, ai ɗari hamsin biyu ce, ina ka samo huɗu? Muka rabu baram-baram. Na dawo gida maiɗakina ta ce shi ke da gaskiya, wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Malamar lissafi:
Wa alaikumus salam. Malam, ka koma ka ba Alhaji haƙuri, uwargida kuma a ba ta tukuici. Tsawon kaɗai ka ninka a ranka, ka manta faɗin ma ya ninku. 50 sau 50, 2,500. 100 sau 100 kuwa 10,000. Zana babban a ƙasa, ka raba shi ta tsakiya a tsaye da a kwance, za ka ga ƙananan guda huɗu zaune a ciki.

Mai neman fili:
To Malama, na sha ƙasa. Sai dai kuɗina na ƙananan guda biyu ne kawai. In ina son murabba'i mai girman ƙaramin sau biyu, kowane gefe ƙafa nawa ke nan? 75?

Malamar lissafi:
75 ta zarce, 5,625 take bayarwa. Lambar da kake nema ita ce wadda in ta bugi kanta za ta ba da 5,000, kuma babu cikakkiyar lamba mai yin haka. 70 sau 70, 4,900. 71 sau 71, 5,041. Ka ga ta faɗa tsakani, wajen ƙafa 70 da inci 8 da rabi. Ni tun daga sifilin ma na gane, domin lambar da ta fito daga bugun lamba da kanta, in za ta ƙare da sifili, bibbiyu suke zuwa, kamar 100, 2,500, 10,000. Taka kuwa, 5,000, sifili uku gare ta.

Tsohon magini:
Mu ba mu yi boko ba, amma igiya ta san wannan lissafin. Ja ta daga kusurwar ƙaramin filin zuwa wadda ke kallonta, saba'in da ɗoriyar nan za ka samu. Kuma ɗana, kada ka biya sai ka auna tsakanin sauran kusurwoyi biyun ma, awon biyu su zo daidai. Na sha ganin fili gefe huɗu duk 50 amma a karkace yake, sai an zo haƙa harsashi ido ya raina fata. A kusurwa ka auna 30 ta nan, 40 ta can, tsakaninsu ya ba ka 50. In bai ba ka ba, a sake kafa turke. Wai ma wa ya ce dole sai murabba'i? Ka ce ya yanka maka 50 da 100, dubu biyar ɗinka ke nan cif.