Su waye 'yan doka, kuma ana kama wani a madadin wani?

Ɗan Tela: Assalamu alaikum. Makon jiya an zo neman wana kan bashin buhunan taki, ba a same shi ba, sai aka tafi da ƙanenmu yana tsakiyar ɗinki, wai ya zauna a caji ofis har mai bashin ya bayyana. Da kakanmu ya ji sai ya ce aikin 'yan doka ne ya dawo. Su waye su? Kuma doka ta yarda da wannan kamun?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya fito da shi lafiya. Kafin zuwan Turawa dogarai ne ke wa sarakuna wannan aiki. Da mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, ya kafu aka samar da 'yan doka, su ma a ƙarƙashin sarki. Ina yaro na gan su ranar kasuwa, kulki a hannu, suna tasa ƙeyar wanda bai biya haraji ba. 'Yan NEPU, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano, sun ji jiki a hannunsu. Su kuwa 'yan sandan tarayya daga Legas suka samo tushe, a 1861, da mutum 30 masu gadin wakilin Ingila. Daga baya Glover, Baturen da ke mulkin Legas, ya ɗebi Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudu, ya ba su bindiga. Baƙo aka ɗora wa ɗan gari, don ba zai ji nauyin kowa ba. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu, zamanin Gowon kuma aka narkar da 'yan doka a cikinta. Tun farko mai mulki aka kafa su su tsare, ba talaka ba.

Maman Hanif: Baba ya gama magana kan tarihi. Kai kuma ƙanena, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama mutum a madadin wani, kuma bashi zalla maganar kotu ce, ba ta caji ofis ba. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 24 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Ku je da lauya ko dattijon unguwa, ku nemi ganin DPO, shugaban caji ofis ɗin, cikin ladabi. Kada ƙanen naku ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba. Beli kyauta ne, kuma mace ma tana iya tsaya masa.

Na Zinder Road: Abin da Baba ya faɗa shi ya sa nake ɗari-ɗari da batun 'yan sandan jihohi. Wa zai hana gwamna ya yi da su abin da En'e ta yi da 'yan doka ranar zaɓe?