Jera Waƙoƙi a Kundi: Shawarwarin Mawaƙa da Masu Sauraro

Da mawaƙa da masu sauraro suka tattauna batun kundin waƙoƙi, shawarar da ta fi yawa ita ce a kula da jeri. Waƙar farko ce ke kama kunne, kada a ɓoye mai ƙarfin can ƙarshe.

Waɗanda suka riski zamanin kaset sun tuna yadda ake naɗar zaɓaɓɓun waƙoƙi a kaset ɗin C-60, mai minti 30 kowane gefe, don a ba wani kyauta. Dole ka auna tsawon kowace waƙa don kada zare ya ƙare a tsakiyar baiti, ka rubuta sunayensu da biro a kwali, kana tunanin wanda za ka ba. A ganina, wahalar nan ce ta sa kyautar ke shiga rai.

Mawaƙa kuwa roƙonsu ɗaya: a saurari kundi daga farko har ƙarshe, ko sau ɗaya, kafin a fara tsallake waƙoƙi a waya.